"Matar mutum kabarinsa": me ake nufi, kuma yaushe ake faɗinta?

'Yar Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Jiya na ji an ce wa wani ango "matar mutum kabarinsa", sai gabana ya faɗi. Me ya haɗa aure da kabari? Ni kamar mugun baki na ji ta.

Tsohon Malami: Wa alaikis salam 'yata. Ba mugun baki ba ne. Kabarinka ba ka san inda yake ba, amma ba mai shigarsa sai kai. Haka matar da aka rubuta maka. Mutum ya shekara yana neman wata, kowa ya san da maganar, ƙarshe ya auri wadda bai taɓa kawowa a ransa ba. An fi faɗinta ga wanda ya nema bai samu ba, don a sanyaya masa zuciya.

Uwar Biyu: Malam, fassarar ta yi, amfanin da ake yi da ita ne yake ci mini rai. Na ga an mayar da mace ɗaki tana kuka, wai ai kabarinsa ce. Kabari ba a fita, aure kuwa Allah Ya halatta rabuwa in zama ya gagara. Shekarata 31 a ɗakina, kuma ba rubutu kaɗai ya zaunar da ni ba. Da na yi jinyar wata biyu, maigidana shi yake yanke mini farce, yake juya ni cikin dare in bayana ya gaji. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci soyayya da jinƙai tare. Soyayya takan yi sanyi, jinƙan ne ya riƙe mu.

Mai Nazari: Hajiya, wani zai ce wannan sabo ne, sabo kuwa turken wawa.

Uwar Biyu: Ɗana, wanda ake cuta ya kasa tafiya shi ake gaya wa haka. Mun saɓa ba adadi, harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma da idona biyu na zauna.

'Yar Auta: To ƙawa fa? Ina da wadda muka haɗu a Facebook, shekara 6 ke nan, ba mu taɓa ganin juna ba. Daren da mahaifina ya rasu ta kira ni ta WhatsApp, ba ta kashe ba har asuba. Ba ma magana, numfashinta kawai nake ji. Ita ma ba rabona ba ce?

Mai Nazari: Ƙanwata, Allah Ya jiƙan Baba. Sai dai zumunta a ƙafa take, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. A waya abin da mutum ya ga dama shi yake nuna miki. Ba ki gan ta cikin fushi ba, ba ki ga yadda take da mutanen gidansu ba.

Tsohon Malami: Ban bi ka duka ba a nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa rayuka runduna ce, waɗanda suka san juna sai su shaƙu, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Uwaisul Ƙarni yana Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai taɓa ganin Annabi (SAW) ba, amma Annabi ya ba Umar labarinsa, ya ce Umar ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara. Ƙafar da ke cikin karin maganar ɗawainiya ake nufi. Wadda ta hana idonta barci saboda ke ai ta taka.

Mai Nazari: Na karɓi wannan, Malam. Amma in da hali, ƙafar gaske ma ta je.

'Yar Auta: Shekara biyu muna sa rana tana rushewa.

Uwar Biyu: Ki sake sawa 'yata, ki sanar da mahaifiyarki, ki tafi da wani naki. In kin isa ki gaishe mini da ita.