Shin labaran 'yan fashi suna koya wa yara ɓarna?

Malam Lawal: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a majalisa ina nan a kanta: littattafan 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, da finafinan da ake yi da irin labaransu, makarantar ɓarna ce. A 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, kuma ta yi daidai. Mu da aka kwashe wa yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ba mu ya kamata mu mai da abin nan nishaɗi ba.

Binta: Wa'alaikumus salam Baba Malam. A gafarce ni, amma ɗan bindigar da ke dajin Rugu littafin wa ya karanta? Satar shanu da rikicin gona da burtali da makaman da ke shigowa ta kan iyaka, su suka haifi wannan masifa, ba marubuta ba.

Kawu Isiya: Binta ta riga ni. Malam, ai irin wannan rubutu namu ne, 'yan Katsina. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito a 1982, cike da kisa da miyagun ƙwayoyi. A shekarar nan Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya, labarin fasa-ƙwauri da cin hanci. Gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya ce ta fito da su duka biyun. Mun karanta su muna samari, har bangon ya yage muka ɗinke da zare. Wanda ya san hanyar Jibiya ko ta Kwangwalam ya san Sulaiman bai ƙirƙiro komai ba: Fijo ce an cire kujerun baya, an danƙara mata buhuna har gindinta na gogar ƙasa, direba ya kashe fitila ya bi ta cikin gonaki. Littafin bai koya wa kowa wannan ba, tona asirin Alhazan da ke aiken yaran ya yi.

Malam Lawal: Isiya, littafi daban, allo daban. Mai karatu shi kaɗai yake, yana da lokacin tunani. Ka leƙa gidan kallo da dare ka gani. Da zarar bos ya fito daga mota ya gyara tabarau, kiɗa ya tashi, sai yara su kaure da tafi. Washegari ka ji sun sa wa junansu sunansa, suna kwaikwayon tafiyarsa. Ko an kashe shi a ƙarshe, minti biyar ne a kan awa biyu na burgewa.

Aminu: Nan kam ina bayan Malam, ko da yake ni ma ina ɗan taɓa rubutu. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Mario Puzo ya fitar da The Godfather a 1969, aka yi fim ɗinsa a 1972, har yau ana muhawara a Amurka ko fim ɗin ya ƙawata 'yan Mafiya. Kyamara tana son mai iko. Sannan da yawa cikinmu a hannun James Hadley Chase muka koyi salon: kuɗi, mace, bindiga, cin amana. Shi kansa mutumin Ingila ne da ya riƙa kai labaransa Amurka. Muka ɗauko ƙwarangwal ɗin muka sa masa babbar riga.

Binta: To Yaya Aminu, laifin na nau'in labarin ne ko na inda marubuci ya tsaya? Kullum ta idon ɓarawo ake kallo, ko ta idon ɗan sanda jarumi. Ina labarin matar da ta sayar da gona da akuyoyinta ta haɗa kuɗin fansa, tana kwana da waya a hannu kada a kira ba ta ji ba? Ina na ƙanen da aka aika daji da kuɗin a cikin buhu, da katin waya da aka ce ya haɗo da shi? Wannan ma labari ne mai tsayar da numfashi. Dokar da ta ce kada a nuna garkuwa sam, ta rufe bakin wannan matar tare da na bos.

Aminu: Gaskiya ne, sai dai furodusa zai ce miki hawaye ba sa cika gidan kallo kamar harbi.

Kawu Isiya: Wa ya gwada aka ƙi kallo?

Malam Lawal: Binta, Allah ya yi miki albarka, maganarki ta shige ni. In za a rubuta na matar nan, ni zan fara saye. Amma wa zai tsare mana iyakar? Yau an ce labarin wadda aka zalunta ne, gobe a nuna yadda ake tare hanya dalla-dalla. Isiya, in Turmin Danya ɗinka yana nan, aiko mini da shi bayan Juma'a. Fim kuwa, ban janye ba.