Ana barin mutum ya shiga jirgi da kayan saƙa?

Maman Biyu:
Salam ƴan uwa, dan Allah ina da tambaya. Zan tafi Umara in sha Allahu, daga nan filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, ga ƙanwata ta kusa sauka ga hunturu ya kawo kai, ina tsakiyar saƙa wa jaririn rigar sanyi da hula da safa. Tafiyar ta kusa awa 5 ni kuma bana iya barci a jirgi, amma in hannuna na aiki har tsoron ma raguwa yake. To ana barin kibiyar saƙa da kwarashi a jakar hannu ko karɓewa suke?

Ƴar Gwammaja:
Allah ya kai ki lafiya ya sauki ƙanwarki lafiya. Ni dai da kwarashin roba nake tafiya kuma ba a taɓa ce min komai ba, na ƙarfen ne ke fitowa ɓaro-ɓaro a na'urar duba kaya sai ki ji an ce Hajiya buɗe jakar nan. Almakashi da reza kam ki jefa su a akwatin da za a auna, ki riƙe abin yanke farce, yana yanke zare tsaf.

Baban Yara:
Hajiya dokar ba ɗaya ba ce ko ina. Amurka da Ingila sun yarda da kibiyar saƙa a jakar hannu, Ingila har ƙaramin almakashi in bakinsa bai wuce santimita 6 ba. Amma tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsananta kan duk wani abu mai tsini, kuma jami'in da ke gabanki shi ke da maganar ƙarshe. In ya ce a'a kar ki tsaya musu.

Goggon Fagge:
Ƴata ji nan, ni abin ya taɓa faruwa da ni a hanyar dawowa, an bar ni na fita da kibiyoyina lafiya lau amma can aka zare su daga jikin saƙar, wallahi ina kallo bayan rigar da na kusa gamawa ya dinga warwarewa a cikin leda, har hawaye sai da na yi. Tun daga nan kafin in bar gida sai in zura wani zaren daban mai wata kala ta cikin duk madaukan da ke kan kibiyar in ƙulle bakinsa, ko an karɓe kibiyar, aikin na nan. Kuma ki bar rigar a akwati, ki ɗau hular ko safar ki yi da kwarashi, madauki ɗaya ne kawai, sannan ba ki zungurar maƙwabciyarki da gwiwar hannu, kin san kujerun nan a matse suke. Ƙwallon zaren ki sa shi a ƴar jaka mai zif kar ya gangara ƙarƙashin kujerun mutane.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai Goggo, Allah ya saka da alheri, dabarar zaren nan ban taɓa jin ta ba. Gobe zan leƙa Sabon Gari in nemo na roba. Baban Yara, to zaren ulun shi ba ruwansu da shi ko?

Baban Yara:
Ba ruwansu da zare Hajiya. Ki ma ƙara ƙwallo ɗaya, lokacin hazo ne jirgi kan yi jinkirin tashi a Kano.