Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: gado ake nufi ko koyi?

Maman Ummi, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na tarar da 'yata mai shekara 3 ta goya takalmin babanta da ɗankwalina, tana jijjiga shi, tana yi masa tsawa da irin muryar da nake yi wa ƙaninta, har da nuna yatsa. Surukata ta yi dariya ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni a sanina wannan karin magana kan gado yake, ba kan abin da yaro ya gani ya kwaikwaya ba. Ina neman ƙarin haske daga masana.

Tsohon Malamin Hausa, Kawo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kina da hujja. Ɗan barewa ba ya zuwa makaranta ya koyi gudu, da shi ake haihuwarsa, saboda haka asali ake nufi, kamar a ce ɗan malami ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa. Da ni ne a wurin, da cewa zan yi inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya take sha, domin wannan shi ne ya ƙunshi kallo da bin sawu.

Malamar Firamare, Tudun Wada:
Baba, a gafarce ni, ina ganin Hajiya babba ba ta yi kuskure ba, domin wani ɓangare na abin da muke kira gado a halin ɗan Adam kallo ne aka daɗe ana yi. A 1961 Albert Bandura ya yi gwaji a Jami'ar Stanford da ke Amurka, inda wasu ƙananan yara suka kalli babba yana dukan wani mutum-mutumin roba, da aka bar su da shi kuwa sai suka yi ta dukansa kamar yadda suka gani, har da maimaita kalamansa. A wani gwajin na 1965, yaran da suka ga an hukunta mai dukan ba su kwaikwaye shi sosai ba. Wato yaro yana lura da aikin, yana kuma lura da abin da ya biyo bayansa. Ummi ta ga tsawa tana sa a yi shiru a gida, shi ya sa ta gwada ta a kan takalmi.

Maƙerin Panteka:
Malama, maganarki ta tuna mini da yaran shagona. Ban taɓa zaunar da ko ɗaya na karanta masa yadda ake riƙe guduma ba, amma akwai wanda in zai yanka langa-langa sai ya fara lasar leɓensa, ya karkatar da hularsa, kamar yadda nake yi, alhali babu abin da hakan yake ƙara wa aikin. Yaron nan kuwa ba jinina ba ne, daga Rigasa mahaifinsa ya kawo mini shi.

Tsohon Malamin Hausa, Kawo:
To ai ka ƙarfafa ni, Malam Maƙeri, tunda ba ka haife shi ba babu wanda zai kira shi ɗan barewa. Sannan ku gaya mini inda za ku ajiye albasa ba ta yi halin ruwa ba, wanda ake faɗa wa yaron da ya tashi yana ganin kirkin iyayensa safe da yamma amma bai ɗauki komai ba.

Maman Ummi, Unguwar Rimi:
Baba, wannan sai Malama ta amsa. Ni dai yau da safe na kai wa ƙanin Ummi tsawa, sai na hango ta a bakin ƙofa ta zuba mini ido, na haɗiye sauran maganar.