Gotar lungunmu a Mamobi, mu rufe ta da silab ko mu ƙara mata zurfi?

Dan_Mamobi:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin aikin gini ku taimaka mana da shawara. Lungunmu a unguwar Mamobi, Accra, yana gangare ne, gidaje goma sha ɗaya, gota ɗaya ce ƙarama ta bi ta tsakiya ta je ta faɗa babbar gota. Duk shekara in watan Yuni ya shigo ba mu barci, bana ruwa ya shiga ɗakin tsohuwata cikin dare har gwiwa, katifa da buhun masara da takardun makarantar yara duk sun tafi, da asuba na same ta zaune kan benci ta ɗora ƙafafunta kan bokiti tana jan carbi, wallahi har yanzu abin na cina. Mun zauna bayan sallar isha'i mun yi karo-karo, kuɗi sun ɗan taru a momo, asusun kuɗi na waya, amma kan ya rabu biyu, wasu sun ce a rufe gotar gaba ɗaya da kankare saboda bola ta daina shiga, wasu sun ce a fasa a ƙara zurfi. Kuɗin ba za su yi duka biyun ba. Wanne za mu yi kafin ruwan Satumba ya zo?

Baba_Mesin:
Wa alaikumus salam. Yaro na, shekara talatin ina zuba kankare a Accra, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ku taɓa saman lungun tukuna, ku sauka ƙasa inda gotarku ta haɗu da babba ku duba bakin. Sau da yawa a nan cutar take, ko kwalbatin ya yi ƙanƙanta ko yashi ya cika shi rabi, ko kuma bakin ya yi ƙasa da yawa har in babbar gota ta cika sai ruwanta ya dawo muku baya. In haka ne ko kun haƙa zurfin mutum tsaye ruwan ba shi da wurin zuwa, tafki kawai kuka yi wa sauro a ƙofar gida. Aikin gota daga ƙasa ake farawa a hau sama.

Zurfi kuma ba shi ne magana ba, gangara ce. A ja igiya da lebur, duk mita ɗaya ƙasan ya sauka kamar santimita ɗaya, a shafe shi sumul yadda ruwa zai ja yashi ya tafi da shi. Batun rufewa, ban yarda a zuba kankare a shafe baki ɗaya ba, na fasa irin wannan da hannuna, ciki yashi da leda sun daskare kamar bulo kuma ba wanda ya sani sai da ruwa ya ɓullo ta ɗakin mutane. Ku yi silab guntu-guntu wanda samari biyu za su ɗaga da hannu, a bar 'yan ramuka ruwan lungu ya samu hanyar shiga. Can sama inda ruwa ke shigowa ku gina ɗan akwati mai zurfi da raga ta ƙarfe ya riƙa tare yashi da roba, shi za ku riƙa kwashewa duk sati.

Hajiya_Nima:
Allah ya ƙara wa mamanka lafiya ɗana. Ni ba na gini amma ina sayar da koko bakin gota tun da daɗewa, idona na gani. Da zarar hadari ya haɗu sai ka ga ana fitowa da bola a leda ana jefawa wai ruwa zai tafi da ita, ledar fiya wata, robar tekawe, famfas na yara, har tsohuwar katifa. Ina za ta je? Gotar unguwar Nima kogin Odaw take faɗawa, Odaw ya bi ta shataletalen Circle ya shiga tafkin Korle kafin teku, duk abin da muka jefa a nan yana can ya toshe wa wani. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, ruwa da wutar gidan mai a Circle suka ci mutum sama da 150, bai kamata a sake roƙonsa kan wannan ba. Ku cire wani abu cikin kuɗin ku ɗaure da mai aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya riƙa zuwa kwasar bola, kuma ku sa mata cikin kwamitin, mu ne ke gida lokacin da ake zubarwa. Liman ma ya faɗa a masallaci.

Abu_Kotobabi:
Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, ƙari ɗaya, in kun yashe gota kada ku tara dattin a gefe ku tafi, mu mun yi wannan kuskuren, aikin gayya tun safe har azahar, kwana uku aka yi ruwa komai ya koma ciki. Ranar da za ku yashe ranar mota za ta kwashe. Sannan kafin ku fasa wani abu kusa da titi ku ga asembuliman ɗinku, wato kansilan unguwa, ya kai ku wajen injiniyan ƙaramar hukumarku ta Ayawaso North, ku rubuta takarda kowa ya sa hannu, kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ba naku ba ne da za ku fasa da kanku. Ku tambaye shi kuma ko aikin GARID, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019 saboda ambaliyar yankin Odaw, ya shafi ɓangarenku, kada ku kashe kuɗi a inda za a zo a fasa.

Dan_Mamobi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba yau da safe na sauka bakin kamar yadda ka ce, na zura sanda cikin kwalbatin, yashi ya kusa kai sama, abin da ya rage wa ruwa bai fi tafin hannu ba, ga kuma wani fayif na ruwa da aka ratsa ta ciki leda duk ta naɗe shi. Asabar za mu yashe, mun riga mun yi magana da mai aboboya biyu. Shi fayif ɗin ne ban san yadda za mu yi da shi ba, a ɗaga shi sama ko a zagaya da shi?

Baba_Mesin:
A ɗaga shi ya bi ta saman bangon gota, amma ku nemo mai shi tukuna ku kira fulamba, kada samari su sa masa diga. Ka ɗauko min hoton bakin bayan kun yashe in ga ko ƙasan ya fashe.