Kawuna ya ce ɗumamar duniya ba laifin ɗan Adam ba ne, me zan ce masa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Kawuna tsohon malamin labarin ƙasa ne, kuma shekaranjiya ya kayar da ni warwas a gaban ƙannena. Na ce hayaƙin masana'antu da motoci ne ke ɗumama duniya, sai ya sauke tabarau ya dube ni ya ce: "To yaro, lokacin da Sahara take da tafkuna da dorinar ruwa, wace masana'anta ce ta ƙafar da su?" Bakina ya mutu. Ba na son gardama da babba, amma zuciyata ba ta yarda ba. Ta ina zan ɓullo masa?

Wata malamar kimiyya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da ba shi gaskiyarsa. Sahara ta yi kore shekara 6,000 zuwa 10,000 baya, kuma sanadin shi ne sauyin karkatar duniya da yadda take zagaya rana, abin da Milankovitch ɗan ƙasar Sabiya ya lissafa. Sai dai wannan juyi tafiyar hawainiya yake yi, shekara kusan 23,000 da 41,000 da 100,000. Ɗumamar yanzu kuwa ta haura digiri 1 cikin shekara 150 kacal. Maimakon musu, ka ce: "Kawu, wane sanadin halitta ne ke aiki yanzu?" In ya ce rana, tun 1978 taurarin ɗan Adam ke auna ƙarfinta, bai ƙaru ba. Ga kuma wadda na fi so: da rana ce, da sararin sama duka ya ɗumama. Abin da aka auna shi ne nan ƙasa zafi na ƙaruwa, can sama da gajimare kuma sanyi ake samu. Iskar kabon da ke cikin hayaƙi kamar bargo take tare zafi: wanda ke ciki na gumi, bayan bargon na sanyi.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ina bayan kawu. Dutse mai aman wuta guda ɗaya ai ya fi motocin duniya hayaƙi. Kuma komai ikon Allah ne.

Malamar: Ikon Allah ne, ba musu, amma Shi ya sanya sabubba, kuma sababin muke nema. Maganar duwatsun kuwa ba haka take ba. Mutane na fitar da iskar kabon fiye da tan biliyan 35 a shekara daga gawayi da mai da gas, duwatsun duniya gaba ɗaya abin da suke fitarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Babban aman wuta ma sanyi yake kawowa. Pinatubo na ƙasar Filifin da ya fashe a 1991 ya sauke zafin duniya da kusan rabin digiri na wajen shekara biyu.

Wani dattijo: Ɗana, malami lamba yake girmamawa, ka je masa da ita. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya. Da masanin kimiyya Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 tana wajen 315, yau ta wuce 420. Kumfar iska da aka tono cikin ƙanƙarar Antatika ta nuna cikin shekara 800,000 ba ta taɓa haura kusan 300 ba. Kuma kada ka sake yi masa a gaban yara. Ka same shi shi kaɗai, ka zo da sigar mai neman ƙarin bayani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Da maganar bargon zan fara. Sai dai na san halin kawu, zai ce ta yaya aka san kabon ɗin namu ne, ba daga teku ya fito ba.

Malamar: Tekun ma karɓa yake yi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muke fitarwa shi ke shanyewa, shi ya sa ruwansa ke ƙara tsami.