Neman kalma: me za mu kira "amfora" ta jiragen Finikiyawa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. A bayanin kayan da jiragen fataken Taya da Sidon, biranen Finikiyawa na dā a gaɓar Lebanon ta yau, ke ɗauka a Bahar Rum, kalmar "amfora" tana ta maimaituwa. Mazubi ne na yumɓu, dogo, mai ƙaramin baki da mariƙi biyu a kafaɗa, gindinsa kuma tsini ne. Giyar inabi da man zaitun ake zubawa. Randa za a ce, ko tulu?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, a cire randa tun yanzu. Randa bakinta faɗi ne, kuma a girke take wuri ɗaya, ita kuwa wannan don tafiya aka gina ta. A 1999 an binciki jirage biyu na Finikiyawa da suka nutse a tekun da ke gaban Ashkelon, wani gari a gabashin gaɓar Bahar Rum, wajen shekara ta 750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zurfin kusan mita 400. An ƙirga amfora 385 a ɗaya, 396 a ɗayan, waɗanda ido ya gani ke nan. Kowace tana cin kusan lita 18, wato ba ta kai jarka mai lita 20 ba. Ƙato ɗaya zai saɓa ta a kafaɗa.

Masaniyar ginin tukwane: Tulu ya fi kusa, amma da gyara. Tulunmu ana son ya riƙa tsattsafo, shi ke sanyaya ruwa. A can kuwa tsattsafo asara ne, don giya za ta tsotse cikin yumɓu, iska ta shiga, sauran ta yi tsami. Shi ya sa suke narka ƙaron itace su shafe cikin kafin a zuba kaya, sannan a toshe baki a liƙe. Waɗancan na Ashkelon ma an sami ƙaron a cikinsu.

Tsinin gindin kuma ba ado ba ne. Cikin jirgi a lanƙwashe yake, ba inda za a girke mai faffaɗan gindi. Sai a shimfiɗa kirare a ƙasa don kada yumɓu ya gogi katako, a jera sahun farko, sannan tsinin sahu na biyu ya faɗa ramin da ke tsakanin kafaɗun na ƙasa. Haka suke kulle juna. In an bar giɓi, igiyar ruwa na kaɗa jirgi sai su fara karo. Ɗaya ta fashe, na kusa da ita su sami wurin motsi, kaya su zame gefe guda, jirgi ya karkata. Wurin tsiyaya ma tsinin ake kamawa da hannu ɗaya.

Mai fassara: To Malama, tandu fa? Shi ma na mai ne, kuma fatake sun san shi.

Masaniyar ginin tukwane: Tandu na fata ne. Duk wanda ya ji "tandu" ba zai taɓa kawo yumɓu a ransa ba.

Malamin harshe: Asalin kalmar Girkanci ce, ma'anarta abin da ake ɗauka ta gefe biyu. Da za a bi wannan, sai a ce "tulu mai kunne biyu". Matsalar ita ce ya yi tsawo ga kalmar da za ta zo sau goma a shafi, kuma ya haɗa har da na adon Girkawa masu zane, waɗanda ke tsayawa da gindinsu. Ni "tulun fatauci" na zaɓa, jam'i "tulunan fatauci". "Tulun jirgi" ma zai yi, sai dai mai karatu na iya zaton na ruwan shan matuƙa ne.

Malamin tarihi: Na goyi baya. A zuwan farko a rubuta "tulun fatauci mai tsinin gindi, wanda ake kira amfora", daga nan a ci gaba da gajeren.

Mai fassara: Madalla, na ɗauka. Saura sunan jirgin kansa, mai zagayayyen ciki, wanda Girkawa ke kira "gaulos". Kwalekwale ya yi masa kaɗan, tunda na Ashkelon tsawonsu wajen mita 14 ne.