Musayar Waƙa: Jirgin Gefen Gari

Mai Fitar Asuba:
Jama'a, taken wannan makon shi ne ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, irin wanda ake shirin shimfiɗa wa layi daga wata unguwar bayan gari zuwa wata, ba tare da ya kutsa tsakiyar birni ba. A amsa da baiti, ban da gori. Ni zan buɗe.

Gidana gabas, wurin aiki arewa,
Tsakaninsu ba nisa in da hanyar ratsawa.
Sai dai duk motar da za ka hawa
Tsakiyar birni take fara kaiwa.
Ka sauka, ka bi layi, ka sake hawa,
Hantsi ya dubi ludayi, ba labarin isowa.
Ku shimfiɗa dogon da ke zagayawa,
Gefe da gefe su samu haɗuwa.

Tsohon Direba:
Ɗana, na ji kukanka sarai,
Ban ce a cikinsa babu gaskiya.
Amma leƙa Maryland a Amurka,
Layin jirgin Purple Line ya koya wa mutane juriya.
Daga Bethesda har New Carrollton,
Tasha 21 a kan layi ɗaya.
A 2017 aka sa diga a ƙasa,
Aka ce 2022 za a fara tafiya.
A 2020 'yan kwangila suka tattara,
Suka bar rami da shinge, suka juya baya.
Kuritiba ta Brazil tun 1974
Bas ta ware wa tasa hanya.
Ba waya a sama, ba ƙarfe a ƙasa,
Kwalta da shinge, sai taya.

Hajiya Mai Lissafi:
Baba, ka yi haƙuri zan ja da kai,
Ban raina wa bas ɗinka ƙoƙari.
Amma direba ɗaya a gaban jirgi
Na jan mutanen bas biyu har da ƙari.
Ƙarfe kan ƙarfe yake sulalewa,
Ba hayaƙi a hancin yaran gari.
Layin bas wani zai zo gobe ya soke,
Dogo in ya kwanta ya kama wuri.
Mai son gina asibiti ko makaranta
Shi yake duba kafin ya yi shiri.
Faris ta gwada a 1992,
Bobigny zuwa Saint-Denis, can bayan gari.
T1 aka sa masa, jama'a suka karɓa,
A 2003 aka ƙara masa tsawo bisa tsari.

'Yar Haya:
Ni ba gwanar waƙa ba ce, a yi mini uzuri in layi ya karye. Abin ne ke cina a rai.

Hajiya, kin ƙirga fasinja tsaf,
Kin manta da mu da ke zaune kusa.
Ranar da aka kafa allon tasha
Mai gida ya ji daɗi ya ratsa masa.
Tun ba a ga ƙeyar tarago ba
Kuɗin haya ya haye bisa.
Jan fenti a bangon maƙwabta,
Alamar gidan da za a rusa.
Diyya ta mai takardar fili ce,
Ɗan haya ko sannu ba a ce masa.
Jirgin da aka yi don na gefe
Kar ya kora na gefe can nesa.

Makanikin Dare:
Kowa na zancen ranar buɗewa,
Ni tambayata, wa zai yi gyara?
Addis Ababa ta buɗe nata a 2015,
Layi biyu, da murna aka fara.
Kamfanin Sin ya gina da bashin Sin,
Tasha ta cika, jama'a na ta ƙara.
Da kayan gyara suka yi wuyar samu,
Taragai da yawa suka kwanta shan ƙura.
Birki na cinyewa, ƙafa na zaizayewa,
Wayar sama na son mai lura.
Jirgin da ke zuwa duk minti goma
Ba ka buƙatar agogo ka jira.
In sai ka share rabin awa a tsaye,
Gobe ba ka dawowa, ka daddara.

Tsohon Direba:
Allah ya biya ka, Malam Makaniki.

Ga tawa ta biyu, Hajiya ki amsa:
A mahaɗar titi wa ke da hanya?
In jirgi zai tsaya a bayan motoci,
Bas ne mai tsada, ba ya iya kaucewa ko juya.

Hajiya Mai Lissafi:
Wannan kam na ba ka, Baba,
A raba shi da motoci tun a wuri.
Danja ta gan shi ta ba shi kore,
In ba haka ba a daina zancen sauri.
Ke kuma ƙanwata, kukanki na hukuma ne:
Filin jikin tasha ta riƙe tun da fari,
Ta gina gidajen haya masu sauƙi,
Kafin dillalai su riga ta wuri.

Mai Fitar Asuba:
To, ni da na tayar da zancen ga sharaɗina:

Bas ɗin Baba ya kai ni tasha,
Tikiti ɗaya ya ishe ni hawa.
Jirgin farko ya fito da asuba,
Na ƙarshe ya jira masu aikin dare su dawo kwanciyawa.

'Yar Haya:
Yaya, layinka na ƙarshe ya fi dogon tsawo, kuma “kwanciyawa” ba Hausa ba ce. Gyara shi tukuna, sannan Hajiya ta faɗa mana wa zai tilasta wa hukumar ta riƙe filin.